A Kira 'Yan Kwana-kwana Kafin a Ɗauko Bokiti

Iska ta juya, hazo ya fara sauka, leɓe ya fara tsagewa. Duk wanda ya daɗe a Kurmi ya san cewa daga Disamba zuwa Fabrairu komai a bushe yake, tun daga katakon rumfa har zuwa ciyawar bayan gida, kuma a wannan tsakanin ne jiniyar 'yan kwana-kwana ta fi yawan kuka. Shi ya sa yau za mu leƙa ofishinsu, mu ga irin kiran da suke amsawa kullum, da inda mu mutanen Zango muke shigowa cikin lamarin. Zan fi tsayawa a Kumasi, amma maganar ta shafi na Ankara da Lome da Kwatano da Duwala da Abijan baki ɗaya.

Idan aka ce gobara a Ghana, manyan ne ke faɗo wa ɗan kasuwa a rai. Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo ta Ankara, wadda ta ci wuta da asubahin 2 ga Janairun 2025. Adum a tsakiyar Kumasi, ranar 21 ga Maris na wannan shekarar dai. Sabuwar kasuwar Kejetia, ranar 15 ga Maris 2023. Sai kuma daren 3 ga Yunin 2015, da ambaliya da wuta suka haɗu a wani gidan mai da ke Circle a Ankara, mutum kimanin 150 suka rasu, akasarinsu waɗanda suka fake wa ruwan sama. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri.

Waɗannan su ne ke shiga rediyo da talabijin. Aikin yau da kullum kuwa ƙanana ne, ba mai jin labarinsu sai maƙwabta. Kuma abin da ya hana su zama labari shi ne wani ya ɗauki waya da wuri, ya kuma iya kwatanta wurin.

Daga asuba zuwa asuba

An kafa Hukumar Kashe Gobara ta Ghana a 1963. A 1997 aka yi mata sabuwar doka wadda ta faɗaɗa aikinta, ya haɗa da rigakafi da wayar da kan jama'a da ceton waɗanda suka maƙale, ko da babu wuta a wurin. A kowane ofishi akwai ɗakin karɓar kira da ba a barinsa babu mutum, dare da rana, da littafin da ake rubuta lokacin da kira ya shigo da lokacin da mota ta fita. Da za a bari ka buɗe irin wannan littafi a lokacin hunturu, ga kusan abin da za ka tarar.

Da asuba, kiran masu suya ne. Mai ƙosai ko mai waina ta ɗora mai a wuta, ta juya ta ɗauko wani abu, mai ya yi zafi ya kama. Wani mai son taimako ya sheƙa ruwa a kasko, wuta ta yi tsalle ta kama rufin rumfa.

Da hantsi, kiran gas. Uwargida ta shiga kicin ta ji wari, ko tiyo ya tsage, ko kan tukunyar bai zauna daidai ba. Wani lokaci wutar ta riga ta kama bakin tukunya tana huci, kowa ya watse, an bar ta ita kaɗai a tsakar gida.

Da rana, hanya. Babbar hanyar Kumasi zuwa Ankara, da wadda ta bi ta Techiman da Kintampo zuwa Tamale, wato hanyar da albasarmu da dabbobinmu ke sauka ta ita, goronmu kuma ke hawa. Mota ta yi karo, direba ya maƙale tsakanin sitiyari da kujera. Gatari da hannun jama'a ba sa fitar da shi lafiya, sai almakashin ƙarfe irin na 'yan kwana-kwana. Idan tankar mai ce ta faɗi, su ne za su killace wurin su zuba kumfa, su yi ta fama da masu zuwa da jarka. Waɗanda ke bin hanyar arewa ba su manta da 22 ga Maris 2019 ba, ranar da manyan motocin fasinja biyu suka yi karo kusa da Kintampo, ɗaya ta kama da wuta, fiye da mutum 50 suka rasu.

Da la'asar, shara da ciyawa. Wani ya cinna wa bola wuta ya tafi abinsa, iska ta kwashi tartsatsi ta kai kan katakon mai kafinta. A wannan lokacin ne kuma ake kiran yaro ya faɗa rijiya, ko ramin masai da aka haƙa ba a rufe ba, ko ƙudan zuma sun yi sansani a silin ɗin makaranta suna harbin yara.

Da dare, lantarki. An ɗauke wuta da yamma, an bar dutsen guga ko hita a jone, an kulle shago an tafi gida. Ƙarfe ɗayan dare aka kawo wuta. Ko soket ɗaya da aka ɗora wa firji da fanka da talabijin da cajar waya shida. Ko kyandir a kan akwati, ko maganin sauro mai hayaƙi a gefen katifa.

Idan damina ta zo, littafin ya sauya kama. Rafin Aboabo ya cika ya shiga gidaje, itace ya faɗi ya tare hanya, katanga ta rushe a kan masu barci.

Ku sake duba jerin nan. Ko ɗaya babu wanda ya fi ƙarfin mota ɗaya da mutum biyar ko shida, idan sun iso a kan lokaci. Ɗakin da ke da katifar soso da labule da kayan roba kuwa, minti uku zuwa biyar sun ishe shi ya kama gaba ɗaya. Wato duk mintin da aka ɓata kafin a kira, daga cikin waɗannan 'yan mintocin aka cire shi.

Me ke hana mu kira?

Na farko, tsoron kaki. Baƙo a ƙasar mutane, ko takardunsa sun cika, gabansa kan faɗi in ya ga mai inifom. Balle yaron shago da aka kawo daga gida watanni uku da suka wuce, ba shi da komai a aljihu sai lambar maigida. To a sani, a Ghana 'yan kwana-kwana da jami'an shige da fice duk suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, amma hukumomi biyu ne, kowacce da aikinta. Wanda ya zo da tiyo a kafaɗa wuta ya zo nema. Sunanka da lambarka da yake tambaya, na littafin kira ne, da kuma don ya sake kiranka idan ya ɓata hanya. A ƙasashe irin su Nijar da Kamaru da Kwaddibuwa ma sojoji ne ke wannan aiki, kakinsu ya fi ban tsoro, amma su ne dai ke kwasar mutane daga wurin haɗari su kai asibiti.

Na biyu, tsoron kuɗi. Har yanzu akwai masu cewa idan motar ta zo sai ka biya kuɗin ruwa da na mai. Babu wannan maganar. Kiran kyauta ne, ko babu ko kwabo a wayarka zai shiga, kashe wutar ma ba a biya.

Na uku, ƙarfin hali. "Haba, wannan 'yar wutar? Ku kawo ruwa kawai." Mu mutanen Zango akwai taimakon juna, wannan ba a ƙwace mana. Kafin ka ce me, samari talatin sun fito da bokitai. Abin yabo ne. Sai dai cikin talatin ɗin nan babu wanda ya tsaya ya kira, domin kowa na zaton wani ya kira. Sai bayan rufi ya rufta a tuna da waya, a yi ihu bayan hari.

Na huɗu, kunya da tsoron laifi. Amarya ta bar mai a wuta, tana tsoron abin da uwar miji za ta ce. Yaro ya jona hita a shago ba da izini ba, yana tsoron maigida. Sai a yi ta kokawa da wuta a ɓoye, a rufe ƙofa don kada a gani. Iyaye da iyayen gida, wannan a hannunku yake. Ku faɗa wa na ƙasa da ku tun yau, da bakinku, cewa wanda ya yi ihu ya kira da wuri ba za a yi masa faɗa ba, ko da shi ne sanadi. A bar maganar laifi sai an ƙirga kowa an ga ya fito.

Idan kuma kun kira, kafin su iso kun riga kun kashe ta fa? Madalla. Ba za su ci ku tara ba. Za su duba silin da bayan allunan katako, inda wuta kan ɓuya ta sake tashi bayan kowa ya kwanta, su rubuta a littafinsu, su koma.

Yadda ake kira

A Ghana lambar kwana-kwana ita ce 192, sai 112 da ta haɗa duk kiran gaggawa. Samun layi rabin aiki ne, ragowar rabin shi ne abin da za ka faɗa. Yawancinmu ga yadda muke yi:

"Wuta! Wuta! Ku zo Aboabo, gidan Alhaji na ci!"

Sai a kashe waya. Aboabo ta ɗaya ko ta biyu? Wane Alhaji, a unguwar da kowane layi akwai Alhazai goma? Mai karɓar kira ya sake kira, waya na aljihu, mai ita na can yana jan ruwa a rijiya.

Abu huɗu ake buƙata, a jere. Me ke faruwa: gobara ce, ko warin gas, ko mutum ne a rijiya. A ina: unguwa, sannan wata alama da ko baƙo ya sani, kamar babban masallaci ko gidan mai ko makaranta ko tasha, sannan ta wace kwana babbar mota za ta iya shiga. Akwai mutane a ciki ko babu, kuma su nawa. Sai abin da ke cikin wurin: tukwanen gas nawa, akwai fetur, akwai turare ko fenti ko katifu. Wannan na ƙarshe kada a ɓoye shi. Wanda ya ajiye jarkokin fetur a ɗaki ya yi shiru, ya tura bayin Allah cikin tarko, kuma irin abin da ke ci shi ke nuna musu ko ruwa za su zuba ko kumfa.

Kada ka kashe waya sai an ce ka kashe. Kada ka yi filashin kana jiran su kira ka. Idan Turanci ko Tuwi bai zauna maka a baki ba, miƙa wa ɗan makarantar da ke kusa, ka tsaya a gefensa kana ba shi amsa. Ko ba komai, riƙe kalma ɗaya: da Tuwi wuta ita ce "ogya". Ita da sunan unguwa sun isa a fara.

Tun 2017 Ghana ta fito da adireshin zamani na GhanaPostGPS, wanda ke ba kowane wuri lambarsa. Na cikin Kumasi da yawa kan fara da AK. A sa yaro ya buɗe manhajar a ƙofar gida da ƙofar shago, a rubuta lambar da fenti a bango inda kowa zai gani. Lungunanmu ba su da suna a taswira, amma wannan lambar tana da wuri.

Da an gama kira, a tura samari biyu bakin titi su tsaya su tari motar. Sau da yawa mota kan iso unguwa cikin minti goma, ta ƙara wasu goman tana neman lungu, alhali ana hango hayaƙi.

Sai maganar yara da wasa da waya. Shekara da shekaru hukumar na kuka da kiran ƙarya, ya kai ga ya fi na gaskiya yawa nesa ba kusa ba. Yaro ya ga lambar kyauta ce, ya kira ya yi dariya ya kashe. A daidai lokacin wata uwa na can tana kira tana jin layi a cike. Hajiya, idan kin ba yaro waya ya yi wasa, ki san abin da yake dannawa. A koya masa lambar, a kuma koya masa nauyinta.

"Sun zo ba ruwa"

Wannan ita ce maganar da aka fi yi a kansu, daga Kumasi har Kano. Mu yi lissafi irin namu na kasuwa. A ce tankin mota na cin lita 4,000, wato jarka 160 mai cin lita 25. A ido ruwa ne mai yawa. To a buɗe tiyo biyu, kowanne na fitar da lita 500 a minti ɗaya. Minti huɗu, tanki ya ƙare. Mai kallo daga nesa sai ya rantse da rabin tanki suka zo.

Ruwan da ke cikin mota na fara aiki ne kawai. Abin dogaro shi ne famfon gobara da ke gefen titi, wanda za su jona su ci gaba da ja. To ina famfon yake? A kasuwanni da yawa an kafa kwantena a kansa, ko an zuba kankare an yi dakali, ko an binne shi da shara. Wani wurin kuma an same shi amma babu ruwa a bututu. Dole mota ta tafi ɗibo, ta dawo ta tarar wuta ta ci layi biyu.

Ba wanke su nake yi tas ba. Motocin sun yi kaɗan, da yawa sun tsufa, su kansu shugabannin hukumar sun sha faɗin haka a bainar jama'a. Dogayen benaye na ƙaruwa, tsanin da zai kai samansu ba ko'ina ake da shi ba. Wannan haƙƙi ne a wuyan gwamnati, kuma ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa su riƙa tuna mata. Amma teburin da aka fito da shi tsakiyar hanya namu ne. Rumfar da aka ƙara har lungu ya koma sai mutum ɗaya, tamu ce. Motar da aka faka a bakin layi aka tafi da makulli, tamu ce. Kuma jifan da wasu samari kan yi musu idan sun makara, ban ga wanda ya taɓa amfana ba. An fasa gilashin mota ɗaya tilo da ke yankin, gobe idan gidan mai jifan ne, wace mota za ta zo?

Idan sun iso, taimako uku suke so: a buɗe hanya, a janye yara da 'yan kallo, a kawo mutum ɗaya da ya san gidan ciki da waje ya tsaya kusa da shugabansu. Mutum ɗaya, ba ashirin masu magana lokaci guda ba.

Kafin su iso

An kira, an tura masu tarya. Ga abin da ya dace da kowane hali.

Idan warin gas ne: gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa kamar ruwa, ya bi ƙarƙashin ƙofa ya shiga kwata. Kada a kunna fitila, kada a kashe wadda ke kunne, kada a taɓa fanka, domin ɗan tartsatsin makunni ya isa. A rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, a fita waje sannan a yi waya. Mai son gwada ko tiyo na yoyo ya shafa ruwan sabulu ya ga ko zai yi kumfa. Ashana ba abin gwaji ba ce. Tukunyar, ƙarama mai kilo 6 ko babba mai kilo 14.5, a tsaye ake ajiye ta, a inda iska ke ratsawa, nesa da kurfoti.

Idan mai ne ya kama a kasko: a kashe murhu, a rufe kaskon da murfi ko faranti na ƙarfe, a bar shi rufe har ya huce. Ruwa a kan tafasasshen mai shi ne ke mayar da wutar kasko ta zama gobarar gida. Kada kuma a ɗauki kaskon a ce za a ruga waje da shi.

Idan lantarki ne: a fara kashe babban makunni na wajen mita. Kowa a gidan, har 'yan mata da yaran shago, ya san inda yake. Ruwa a kan wayar da ke da wuta kisa ne.

Idan hayaƙi ya cika ɗaki: hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, kuma sama yake taruwa. A durƙusa a yi rarrafe. Wanda ya fita ya ja ƙofa a bayansa, rufaffiyar ƙofa na rage wa wuta gudu. A taru a wuri ɗaya a ƙirga kai.

Idan mutum ne a rijiya ko ramin masai: nan ne zuciya ke yaudarar jarumai. Ƙasan irin wannan rami sau da yawa babu iskar shaƙa, ko akwai mai guba. Na farko ya faɗa, na biyu ya shiga ceto ya sume, na uku ya bi shi. An sha fitar da gawa biyu ko uku a inda mutum ɗaya ya faɗa. A zura igiya, a yi ta yi masa magana, a jira masu tukunyar iska a baya.

Idan ƙuna ce: ruwa mai sanyi mai gudana, minti ashirin cur. Ba ƙanƙara ba, ba ɗanyen ƙwai ba, ba man goge baki ba, ba manja ba. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a tafi asibiti.

Janareta kuwa, ko da babu gobara, hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane cikin barci. Haka ma gawayin da ake shiga da shi ɗaki don jin ɗumi a rufe ƙofa. A waje ake barinsu, komai sanyi, komai tsoron ɓarawo.

Kwaɗo, da abin da ke ƙarƙashin katifa

Akwai abu biyu da suka shafe mu 'yan kasuwa fiye da kowa.

Na farko, kulle mutum a ciki. Yaran shago na kwana a sito, maigida ya datse ƙofar ƙarfe da kwaɗo ta waje ya tafi da makulli, wai don tsaron kaya. A gida kuma tagogi duk an yi musu ƙarafuna, ƙofa ɗaya ce, makullinta na ƙarƙashin matashin Alhaji. Alhaji, yaron nan amana ne. Iyayensa na can Tawa ko Sakkwato ko Agadas sun ba ka shi ya koyi neman na kansa. Idan sito ya kama cikin dare, da atamfa da takalman roba da turare a jibge, kafin a yanka wannan kwaɗon an makara. Duk inda mutum ke kwana, dole ya iya buɗewa daga ciki, cikin duhu, ba tare da neman kowa ba. A rataye makulli a ƙusa ɗaya da kowa ya sani. A cikin tagogin, a sa maƙeri ya yi wa ɗaya ƙarfe mai buɗewa.

Na biyu, komawa ciki. Mutum ya fito lafiya, sai ya tuna da kuɗin ciniki a cikin akwati, da littafin bashi, da fasfo. Ya kutsa ya koma. Garin neman gira a rasa ido. Maganin wannan tun kafin ranar ake yinsa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗi su kwana a banki ko a asusun waya. Littafin bashi a riƙa ɗaukar hoton shafukansa duk ƙarshen mako, a tura wa wani amintacce. Fasfo da katin shaida da takardar zama da takardun haihuwar yara da na hayar shago, a haɗa su a jaka ɗaya kusa da ƙofa, hotunansu kuma na cikin waya. Wanda ya san takardunsa na da madadi ba zai sayar da ransa a kansu ba.

Bayan an kashe wuta, a je ofishinsu a nemi rahoton gobara. Shi ne shaidar da kamfanin inshora da banki da masu ba da tallafi ke tambaya, yana kuma taimakawa wajen sabunta takardun da suka ƙone. Masu manyan shaguna da sito da gidajen saukar baƙi kuma su tuna cewa tun 2003 dokar Ghana ta wajabta wa wuraren da jama'a ke shiga su mallaki takardar shaidar kariyar gobara, wadda ake sabuntawa duk shekara. Jami'in da ya zo dubawa, a daina kallonsa kamar mai karɓar haraji. A zagaya da shi, a tambaye shi, a sa ya nuna wa yara yadda ake zare fil ɗin tukunyar kashe wuta a nufi gindin wutar da ita. Tukunya nawa ke rataye a shagunanmu da ba wanda ya taɓa sauke su?

Lambobin da za a rubuta a bango

Da yake ƙafarmu ba ta zama wuri ɗaya, ga na ƙasashen da muka fi bi. Ghana, 192 ko 112. Togo da Benin da Kamaru, 118. Kwaddibuwa, 180. Nijar da Burkina Faso da Chadi, 18. Najeriya, 112. Ban da waɗannan, kowane ofishi na da lambarsa ta kai tsaye. A je ofishin da ya fi kusa, kamar na Manhyia ga mutanen Zangon Kumasi, a gaishe su, a karɓi lambar, a rubuta ta a bangon kicin da ƙofar shago da allon masallaci. Direbobin manyan motoci su riƙe na garuruwan da ke kan hanyarsu.

Sarakunan Zango da limamai da shugabannin 'yan kasuwa da na ƙungiyoyin mata, ga wani aiki mai sauƙi. Hukumar na da sashen wayar da kai, suna zuwa kasuwa da makaranta da wuraren ibada idan an gayyace su. A rubuta musu takarda, a sa rana bayan sallar Juma'a ko ranar taron adashi, a samu mai fassara. A roƙe su su zo da motar, a gwada shigar da ita layin. Inda ta maƙale, kowa ya gani da idonsa, a san teburin da za a matsar. Masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Gemun Kantamanto da na Adum sun kama a kan idonmu.

A daren yau, bayan an ci tuwo, maigida ya tara iyali ya yi tambaya uku. Wace lamba za a kira? Yaya za a kwatanta gidan nan ga wanda bai taɓa zuwa ba? Ina makullin ƙofa yake? A fara da ƙaramin da ya iya riƙe waya. Idan ya amsa duka ukun, a ba shi tukwici.

Allah ya tsare mu da iyalanmu da dukiyoyinmu, ya kuma tsare waɗanda ke shiga inda kowa ke gudu. Sai mako mai zuwa, idan mai kowa ya kai mu.